Jar Fitilar Ruwan Inji Ta Kama a Tsohuwar Sharan ko Bas: Yadda Ake Gano Matsalar da Wayar Hannu da Mita

Matasa da yawa da ke riƙe da wayar Android su ne kuma ke riƙe da sitiyarin motar gida, ko motar haya da iyali suka dogara da ita. Duk wanda ya shiga tasha a Kano, Kaduna, Zariya ko Jos zai ga yadda tsofaffin Volkswagen Sharan, waɗanda direbobi ke kira Sharon, da bas-bas ƙirar Toyota Hiace suke ɗaukar nauyin zirga-zirgar jama'a. An fara ƙera Sharan a shekarar 1995 a ƙasar Fotugal, inda aka ƙera tagwayenta Ford Galaxy da SEAT Alhambra su ma, wato wasu daga cikinsu sun girmi masu tuƙa su a yau.

A irin waɗannan motoci, jar fitilar ruwan inji tana daga cikin alamun da suka fi rikita direba. Wani lokaci tana kamawa ne saboda datti ya rufe wasu ƙananan ƙarafa biyu, gyaran da bai wuce minti goma ba. Wani lokaci kuma ita ce gargaɗi na ƙarshe kafin inji ya ƙone gasket ko ya buga gaba ɗaya. Wannan darasi zai nuna yadda ake bambance biyun mataki-mataki, ta hanyar amfani da ido, mita, da wayar hannu. An ɗauki Sharan da Transporter T4, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 2003, a matsayin misali domin tsarinsu kusan ɗaya ne, sannan za a riƙa nuna inda Hiace ta bambanta.

Me fitilar take faɗa?

Alamar tana kama da ma'aunin zafin jiki da aka tsoma cikin ruwa mai igiya-igiya. Kada a rikita ta da alamar butar mai, wadda ke nufin baƙin mai, ko alamar gilashi mai feshi, wadda ke nufin ruwan wanke gilashi.

A waɗannan motoci na Volkswagen, fitilar takan ƙifta na ɗan lokaci idan aka murɗa makulli, sannan ta mutu. Wannan gwaji ne kawai, ba matsala ba. Idan ta ci gaba da ƙiftawa, ko ta kama ana cikin tafiya, to abu ɗaya cikin uku ne ya faru:

1. Ruwan da ke cikin tulun ruwa ya yi ƙasa.
2. Injin ya yi zafi fiye da ƙima.
3. Ruwa da zafi duk lafiya lau, amma sensa ko waya ce ke kai rahoton ƙarya.

Fitila ɗaya ce ke ɗauke da saƙonnin nan uku, shi ya sa kallonta kaɗai ba ya wadatarwa. Abu na farko da za a kalla bayanta shi ne allurar zafi. Idan allura tana tsakiya kuma fitila na ƙiftawa, zato ya fi ƙarfi a kan ƙarancin ruwa ko sensar tulu. Idan allura ta nufi ja, maganar zafi ce. A wasu motoci na baya-bayan nan akwai fitila mai irin wannan alama amma shuɗiya, ita kuwa tana nufin injin bai gama ɗumama ba ne kawai.

Yadda ruwan ke aiki a taƙaice

Watafam yana tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwaso zafi. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar zuwa lagireto har sai ruwan ya kai wani zafi, galibi digiri 87 a Volkswagen, digiri 82 a injinan Toyota da yawa. Idan ta buɗe, ruwan zai bi ta lagireto, iskar hanya ko fanka ta sanyaya shi, ya koma inji.

Murfin tulu ko na lagireto yana da bawul a ciki wanda ke riƙe matsi. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a daidai gaɓar teku, a Jos kuwa, saboda tudu, yana tafasa a wajen digiri 96. Amma idan aka matse shi da ƙarin ba ɗaya, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Wannan ne dalilin da ya sa lalataccen murfi shi kaɗai zai iya sa mota ta riƙa aman ruwa alhali komai nata lafiya.

Bas da Sharan suna da ƙarin abin lura. Masu hita ta baya suna da dogayen bututu da ke bi ta ƙarƙashin mota har zuwa baya. Bututun kan yi tsatsa su riƙa ɗiga a inda ido ba ya kaiwa, kuma iska tana samun wurin maƙalewa a cikinsu.

Idan ta kama ana kan hanya

Direba ya kashe AC, ya sauka gefen titi a wuri mai aminci. Idan allura ta hau amma babu tururi, kunna hita zuwa ƙarshe tare da buɗe gilasai yana janye wani ɓangare na zafin har a samu wurin tsayawa. Idan allura ta shiga ja, ko tururi na fita, ko inji ya fara ƙara da rasa ƙarfi, a kashe shi nan take. Tunanin "bari mu ƙarasa gari na gaba" shi ne ya cinye injina masu yawa.

Abubuwa uku ne ba a yi:

- Ba a buɗe murfi injin na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, da zarar an saki murfin zai tafasa ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, a taɓa babban tiyo a ji ya yi laushi, sannan a sa tsumma mai kauri a murɗa a hankali. A Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, saboda haka a fara sauke fasinja kafin a ɗaga kujera.
- Ba a kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa. Top ɗin injin zai iya lanƙwashewa ko ya tsage.
- Ba a sa hannu kusa da fankar lantarki. Tana iya tashi da kanta ko an zare makulli.

Kayan aikin da ake buƙata

- Fitilar waya da kyamararta, domin leƙa lungu da ɗaukar hoton soket kafin a cire.
- Mita, irin wadda masu gyaran waya ke amfani da ita.
- 'Yar na'urar ELM327 mai Bluetooth ko Wi-Fi.
- Manhaja irin su Torque ko Car Scanner.
- Bindigar auna zafi, idan da hali. Irin wadda aka yi ta amfani da ita a goshi lokacin Korona ba za ta yi ba, domin an tsara ta ne don zafin jikin mutum. Ana buƙatar ta ma'aikata, wadda ke auna ɗaruruwan digiri.

Mataki na 1: A duba ruwan da safe

Ana wannan gwajin ne injin na da sanyi, motar na tsaye a wuri mai daidai. A jikin tulun akwai layi biyu, na ƙasa da na sama, ruwan ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Tsohon tulu yakan dafe ya yi tabo a ciki har ya yi kamar cike yake. A haska fitilar waya ta bayansa, ko a buɗe a leƙa.

Idan fitilar tana kamawa da sanyin safiya kaɗai, ta daina bayan an ɗan yi tafiya, ko tana kamawa a kwana ko wajen taka birki, ruwan yana daf da layin ƙasa ne. Ruwa yana kumbura idan ya ji zafi, sai ya hau ya taɓa sensa, shi ya sa fitilar ke mutuwa daga baya.

Idan ya ragu, a cika zuwa layin sama, a sa alama da maka, a ɗauki hoto da waya. A sake ɗauka kowace safiya har kwana uku ko huɗu. Tsarin ruwan inji rufaffe ne, motar da ake ƙara wa ruwa kowane mako tana zubarwa ne a wani wuri. Wuraren da za a bincika:

- Bakin kowane tiyo da kilif ɗinsa. Busasshen kulan yana barin fari ko ruwan hoda kamar gishiri.
- Gefen lagireto, inda roba ta haɗu da alminiyam.
- Mahaɗan roba da ke jikin inji. A tsofaffin Volkswagen suna bushewa su tsage.
- Ƙarƙashin watafam.
- Jikin tulun kansa da murfinsa.
- Bututun da ke bi ƙarƙashin mota zuwa hitar baya.
- Kafet ɗin gaba. Idan ya jiƙe, ko ana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, hitar da ke cikin dashbod ce ke ɗiga.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare yana nuna daidai inda ɗigon ke sauka. Ruwan da AC ke zubarwa fari ne tas ba shi da santsi, kada a ɗauke shi a matsayin matsala. Idan ba a ga komai ba, makanike mai famfon gwajin matsi zai iya hura tsarin injin na sanyi, ɗigon da ke ɓuya zai bayyana.

Mataki na 2: Ruwa cike yake, amma fitila na ƙiftawa

A cikin tulun Volkswagen akwai siraran ƙarafa biyu da suka nutse a ruwa, da soket mai waya biyu a waje. 'Yar wuta kaɗan ce ke ratsa ruwan daga ƙarfe ɗaya zuwa ɗayan. Idan ruwa ya sauka, wutar ta yanke, fitila ta kama. Haka nan idan tsatsa, laka ko maiƙo suka lulluɓe ƙarafan, wutar ba za ta wuce ba, motar za ta ɗauka babu ruwa.

Ga yadda ake gwadawa:

1. A kashe mota, a cire soket ɗin tulun. A duba ko ya yi kore ko wayarsa ta karye a wuya.
2. A haɗa ramuka biyu na soket ɗin, wato ɓangaren da ya fito daga mota, da guntuwar waya.
3. A murɗa makulli a kunna.

Idan fitilar ta yi ƙiftawar gwaji ta mutu, laifin na ƙarafan tulu ne. Injin na sanyi, a rage ruwan, a kankare su a hankali da dogon sukundireba ko tsohon buroshin haƙori. Idan sun cinye, a canja tulun, domin a yawancin waɗannan motoci sensar haɗe take da shi. Idan kuma fitilar ta ci gaba duk da an haɗa, matsalar tana cikin wayar da ta tafi dashbod, ko a ɓangaren zafi, sai a wuce mataki na gaba.

Wannan haɗin na gwaji ne kawai. Duk wanda ya bar guntuwar wayar a ciki ya toshe bakin mai gadinsa, ranar da tiyo ya fashe babu abin da zai sanar da shi. Wani abin lura kuma: tataccen ruwa zalla ba ya ɗaukar wuta sosai, saboda haka tulun da aka cika da shi babu kulan zai iya sa fitilar ta kama.

Mataki na 3: A tambayi ƙwaƙwalwar mota ta waya

Allurar zafi a Volkswagen da yawa na wancan zamani an tsara ta ta zauna a kan 90 ko da ainihin zafin ya ɗan sauka ko ya ɗan hau, don kada ta riƙa tayar wa direba da hankali. Lambar gaskiya tana wurin ƙwaƙwalwar mota, kuma waya za ta iya karanto ta ta soket ɗin OBD2.

Soket ne mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da wurin giya. Amurka ta wajabta tsarin daga 1996. A Turai kuwa an wajabta shi ga motocin fetur daga 2001, na gas daga 2004. Ma'ana, Sharan ko T4 da ta zo daga Turai kafin waɗannan shekaru za ta iya samun soket ɗin amma ta ƙi magana da ELM327. Irin wannan tana buƙatar kebul na KKL da manhajar VCDS-Lite a kwamfuta, ko na'urar makanike. Tsofaffin Hiace masu kafireto da masu injin gas irin su 3L ba su da wannan hanya sam, sai mita da bindigar zafi.

Yadda ake haɗawa:

1. A soka ELM327, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama.
2. A buɗe Bluetooth a haɗa. Lambar sirri galibi 1234 ce ko 0000. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin tsohon nau'in ba ya aiki da ita.
3. A buɗe manhaja a zaɓi ma'aunin zafin ruwan inji da na iskar da inji ke shaƙa.

Gwajin farko da safe ake yi, kafin a tayar da inji. Motar da ta kwana a kashe, zafin ruwanta da na iska ya kamata su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin garin. Idan gari na digiri 28 amma waya na nuna ruwa na digiri 70, ko tana nuna 40 ƙasa da sifili, sensar zafi ko wayarta ta lalace.

Daga nan a tayar da inji a zuba ido. Lambar ta riƙa hawa a hankali ba tare da tsalle ba, ta zauna tsakanin 85 da 100. A tsaye, idan ta kai wajen 95 zuwa 100, fanka ta tashi, lambar ta sauko. Idan ta wuce 105 tana ci gaba da hawa, a kashe. Idan tana tsalle daga 90 zuwa 60 ta dawo cikin daƙiƙa ɗaya, wannan aikin waya ce ko sensa, domin ruwa ba ya canja zafi da irin wannan sauri.

Lambobin matsala da suka shafi wannan fanni:

- P0115 da P0116: da'irar sensar zafi, ko karatunta bai dace da hankali ba.
- P0117: wutar sensa ta yi ƙasa, galibi waya ta taɓa jikin mota.
- P0118: wutar ta yi sama, galibi waya ta yanke ko soket ya fita.
- P0128: inji ba ya kai zafin aiki, tamostat ta maƙale a buɗe ko an cire ta.
- P0217: inji ya yi zafi fiye da ƙima.
- P0480: da'irar fanka.

A ɗauki hoton allo kafin a goge kowace lamba. A sani kuma cewa wannan tsari ba ya faɗin yawan ruwan da ke tulu, zafi kaɗai yake faɗa. Idan an gama a zare na'urar, domin soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, za ta iya shanye batir idan motar ta daɗe a ajiye.

Mataki na 4: A auna sensar zafi da mita

A injinan Volkswagen da yawa, sensar zafi mai ƙafa huɗu ce, kuma sensa biyu ce a jiki ɗaya: ƙafa biyu na kai rahoto ga ƙwaƙwalwar mota, biyu na kaiwa dashbod. Don haka zai yiwu waya ta nuna 90 lafiya lau amma allura da fitila na ihu, saboda rabin da ke hidimar dashbod ne ya mutu. Tsohuwar mai baƙin kai ta yi suna wajen lalacewa, har kamfanin ya maye gurbinta da mai koren kai.

A cire soket, a sa mita a kan ma'aunin om. Irin wannan sensa, juriyarta na raguwa ne idan zafi ya ƙaru. A ɓangaren ƙwaƙwalwar mota, ana sa ran ganin om 1,500 zuwa 2,000 a digiri 30, sannan wajen om 300 a digiri 80. Ɓangaren dashbod lambobinsa na iya bambanta, amma shi ma dole ya riƙa sauka a hankali yayin da inji ke ɗumama. Idan mita ta nuna sifili, ko ta nuna babu haɗi sam, sensar ta mutu. Kilif ɗin roba ne ke riƙe ta da zoben roba a ƙasa. A canja su tare, injin na sanyi, bayan an buɗe murfin tulu an saki matsi an mayar.

Mataki na 5: Zafin gaskiya ne, to daga ina?

Lokacin da zafin ke hawa shi ne ke nuna mai laifi.

*Yana hawa a cunkoso ko a tsaye, yana sauka idan an kama gudu.* Fanka ce. A kunna AC, a yawancin motoci fanka za ta tashi nan da nan. Idan ba ta tashi ba, a duba fis, rile, soket, da makunnin zafi da ke jikin lagireto. Mai rewaya zai iya ba fankar wuta kai tsaye daga batir don a san ko motarta na da rai. A Hiace mai fankar da fambel ke juyawa, akwai kulocin mai a tsakiyarta. Injin na kashe kuma da ɗumi, a juya ta da hannu: idan ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, ko ana ganin maiƙo a jikinta, kulocin ya gaji.

*Yana hawa a kan gudu, da lodi, ko a hawan tudu.* Ruwa ko iska ba sa wucewa yadda ya kamata. Ƙurar hunturu, leda, ciyawa da ƙwari suna cushewa tsakanin lagireto da kwandensar AC. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran fukafukan su lanƙwashe. Da bindigar zafi a bi fuskar lagireto, idan wani yanki ya fi sauran sanyi sosai, ya toshe a ciki. Sai kuma watafam: wasu injinan Volkswagen sun zo da mai farfelar roba, wadda kan tsage ta riƙa zamewa a kan sandarta. Injin na sanyi, a buɗe tulu a tayar, a ɗan taka totur. Ya kamata a ga ruwa na dawowa ta ƙaramin tiyon sama. Idan babu, ko dai tiyon ya toshe ko watafam ba ya turawa.

*Yana hawa cikin 'yan mintuna da tayarwa.* Tamostat ta maƙale a rufe, ko iska ta shiga. Idan waya na nuna sama da 95 amma tiyon ƙasa na lagireto sanyi ƙalau, ruwan ba ya zagayawa. Ana gwada tamostat a tukunya: a jefa ta a ruwa a ɗora a wuta, kafin ya tafasa ya kamata a ga bakinta ya buɗe.

*Ya fara ne bayan an canja ruwa ko tiyo.* Iska ce ta maƙale. A tsayar da motar gabanta na kallon tudu, a sa hita a kan zafi har da ta baya, a cika a hankali ana matsa manyan tiyo, a bar inji ya yi aiki har fanka ta tashi. Washegari a sake duba ruwan. Hita mai busa sanyi alhali inji na da zafi alama ce ta iska ko ƙarancin ruwa.

Alamun gasket ya ƙone

- Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama.
- Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.
- Maiƙo a saman ruwan tulu.
- Kumfa na ta tasowa a tulu inji na aiki.
- Tiyo ya yi tauri kamar taya jim kaɗan da tayarwa, ko ya kwana da tauri.
- Ruwa na ɓacewa babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Maiƙo a ruwa, misali, zai iya fitowa daga na'urar sanyaya baƙin mai da ta huje. Akwai gwaji mai sauƙi: ana ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin tulu, idan hayaƙin inji na shiga ruwa, shuɗin zai koma rawaya ko kore. A nemi a yi wannan gwajin kafin a yarda a kwance top. Idan kuwa an kwance, a tabbatar an auna shi an ga bai lanƙwashe ba, kuma an gano abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai bi sahun tsohon.

Wane ruwa ya kamata a zuba?

Ana yawan cewa kulan na ƙasashen ƙanƙara ne. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga ayyukansa. Yana hana tsatsa, yana kare alminiyam, yana ɗaga zafin tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa suna barin irin farin dutsen nan da ke taruwa a cikin butar lantarki, shi ne ke toshe siraran hanyoyin lagireto.

Ana haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, kada kulan ya gaza kashi 40 cikin 100, kada ya wuce 60. Wani ana sayar da shi a haɗe, a karanta jikin galan. Volkswagen na da G11 mai launin shuɗi-kore, da G12 mai ja ko ruwan hoda. Ba a gauraya waɗannan biyun, suna iya zama laka mai ruwan ƙasa. Launi kaɗai ba hujja ba ne, a duba abin da aka rubuta a jikin tulu da galan. Idan ba a san abin da ke ciki ba, a zubar a wanke a zuba sabo. Wajen sayen tataccen ruwa a yi hattara da sunan "ruwan batir", domin wasu na kiran asid ma da wannan suna.

A kan hanya, idan babu komai sai fiya wata, a zuba a isa gida, daga baya a gyara haɗin. Kulan guba ne mai ɗanɗanon zaƙi. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a bar shi a ƙasa inda yara, kaji ko awaki za su kai gare shi.

Gyare-gyaren da ke ƙara ɓarna

Cire tamostat ya zama al'ada a gareji da yawa. Injin da ba shi da ita yana daɗewa bai kai zafin aiki ba, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara masa mai, ya riƙa shan fetur yana saurin gajiya. A injina da yawa kuma, tamostat idan ta buɗe tana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. Idan babu ita, wani ɓangare na ruwan zai riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba. Haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa yana ɓoye ainihin cutar kuma yana gajiyar da fankar. Cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da salatif shi ne mafi muni a cikinsu.

Wajen sayen kaya a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da tsohon ko hoton lambar da ke jikinsa. Murfi ma yana da lambarsa, na Toyota galibi an buga 0.9 ko 1.1 a kansa, a sayi daidai da wanda motar ta zo da shi.

Abin da za a kai wa makanike

Wanda ya je gareji ya ce "mota na zafi" kawai ya bar ƙofa a buɗe ga canje-canjen kaya bisa zato. Wanda ya je da hotunan tulu na kwana huɗu, da hoton lambar matsala, ya kuma ce zafi na kai 108 a cunkoso, fanka ba ta tashi ko an kunna AC, amma a kan hanya yana zama a 90, ya riga ya taƙaita binciken zuwa fis, rile, makunni da fanka. Bayan gyara, a sake soka ELM327, a ba wani ya riƙe wayar yana kallon lambar, a bi irin hanyar da fitilar ta saba kamawa, da irin lodin da motar ta saba ɗauka. Idan lambar ta zauna tsakanin 85 da 100, kuma ruwan tulu bai motsa daga alamar maka ba har kwana uku, gyaran ya yi.